Ifoksi ko Foliyuriya: Yadda Za Ka Zaɓi Shafin Daɓen Kankare, Ka Kuma Sa Shi Ya Zauna

Na taɓa tsayawa a bakin wani gareji da aka shafe daɓensa wata huɗu kacal kafin zuwana. Daga nesa sai sheƙi yake kamar madubi. Da mai gidan ya ja motarsa baya, sai ga tabo huɗu daidai inda tayoyi ke tsayawa: shafin ya ɗago ya bi taya, kankare ya fito tsirara. Na durƙusa na sa farce na ɓamɓaro wani yanki, na juya shi. Bayansa fari fat da garin siminti. Mai gida na ta faɗa, wai ifoksi ne ya cuce shi, da ya sani da foliyuriya ya sa. Ni kuwa ɓawon da ke hannuna ya riga ya ba ni labari. Shafin bai taɓa kama kankaren ba tun farko, ƙurar da ke samansa ya kama. Ko me aka zuba a wannan daɓen, haka zai tashi.

Shi ya sa idan aka tambaye ni wanne ya fi, nakan ce a fara kai ni in ga daɓen. Amma kafin nan, bari mu leƙa cikin bokitin.

Abin da kake saya

Ifoksi ruwa biyu ne da ake haɗawa: ƙaron, da kuma mai daskarar da shi, wanda galibi sinadarin amin ne. Ba bushewa yake yi kamar fentin bango ba. Ruwan biyu ne ke kama juna a hankali har su zama abu ɗaya mai tauri. Tsohon hannu ne, tun shekarun 1930 da 1940 aka samar da shi, kuma Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka suna cikin waɗanda suka fara. Halinsa sananne ne: yana da tauri, yana ɗaukar kauri, yana kwanciya sumul, maiko da sabulu mai ƙarfi ba sa cinsa da sauƙi. Aibinsa ma sananne ne. Rana na mayar da shi rawaya, har samansa ya riƙa yin gari. Ba ya miƙewa, don haka in kankare ya tsage sai ya tsage tare da shi. Ga shi da nawa wajen daskarewa, musamman a sanyi.

Foliyuriya kuwa sinadarin aisosayanet ne ke haɗuwa da amin. Nan ne ruɗani yake, domin kaya iri uku ake sayarwa da wannan suna ɗaya.

Na farko shi ne na feshi, wanda kamfanin Texaco ya fito da shi a shekarun 1980. Cikin daƙiƙoƙi yake kamewa. Ba a haɗa shi a bokiti sam, sai da injin da ke ɗumama ruwan biyu zuwa wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, ya tura su da matsi mai tsanani su haɗu a bakin bindigar feshi. Kamar roba yake, yana iya miƙewa ninkin tsawonsa biyu ko uku kafin ya tsinke, shi ya sa ake lulluɓe tankunan ruwa da rufin kankare da bayan a-kori-kura da shi. Mafi yawansa yana sauya launi a rana, kuma ba ya ba da santsin da mai falo ko shagon baje kaya ke nema.

Na biyu shi ne foli'asfatik, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990. An rage masa gudu har ana iya haɗa shi a bokiti a shafa da rola. Rana ba ta mayar da shi rawaya. Idan ɗan kwangila ya ce maka zai yi maka daɓen foliyuriya a yini ɗaya, kusan kullum wannan yake nufi, kuma shi zan fi kwatantawa da ifoksi a nan.

Na uku ruwa ɗaya ne a gwangwani, ba a haɗa shi da komai, laimar iska ce ke daskarar da shi. Yana da sauƙin shafawa, sai dai sau da yawa tina ce ta cika shi, in ta tashi sai a bar ka da shafi siriri.

To ka ga mai tallan da ke cewa foliyuriya na miƙewa kamar roba, kuma ba ya jin rana, kuma ana shafa shi da rola, ya tattaro kirarin kaya daban-daban ne ya ɗora wa bokiti ɗaya. Ka tambaye shi wanne yake nufi.

Mataki na farko: ka binciki daɓen

Nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Sabon kankare sai ya yi aƙalla kwana 28. Kwanakin kuma ba su ne hujjar bushewa ba: daɓe mai kauri, ko wanda aka zuba a kan ƙasa ba tare da an shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba, yana iya ci gaba da fitar da danshi shekara da shekaru.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na leda. Yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a daɓen, ka liƙe gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka bar ta aƙalla awa 16, kada rana ta riƙa dukanta. In ka ɗaga ka ga ɗigon ruwa a cikinta, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, akwai danshi. Wannan gwajin yana cikin ƙa'idojin hukumar ASTM ta Amurka, lambarsa D4263, kuma ana son leda ɗaya a kowace murabba'in mita 46. Ka sa a wurare da dama, musamman kusa da bango da bakin ƙofa da inda famfo ya bi.

Sai dai ledar shaidar gefe ɗaya ce. In ta jiƙe, ka gaskata ta. In ta fito a bushe, ba ta wanke daɓen ba tukuna. Aiki babba yana buƙatar gwaji mai ba da lamba. Akwai na gishirin kalsiyam kulorayid, mai lamba F1869 a ƙa'idojin ASTM, inda ake kife shi a ƙarƙashin murfi awa 60 zuwa 72 a auna nauyin ruwan da ya zuƙa. Yawancin masu yin shafi ba sa son ya haura laba 3 a murabba'in ƙafa 1,000 cikin awa 24. Akwai kuma F2170, inda ake huda daɓen zuwa kashi 40 cikin ɗari na kaurinsa a sa na'ura ta auna laimar ciki. Iyakar da aka fi sawa ita ce kashi 75 cikin ɗari.

Me ya haɗa wannan da zaɓinka? In daɓen na da danshi, foli'asfatik kai tsaye a kansa kasada ce. Danshin da ke tasowa daga ƙasa zai taru a ƙarƙashin shafin ya kumbura shi, ya yi ƙuraje kamar ƙunar ruwan zafi. Ifoksi na yau da kullum ma bai tsira ba. Amma akwai ifoksi na musamman da aka yi don tare danshi, kuma shi ake fara sawa a irin wannan daɓen, ko da me za a ɗora daga baya. In kuwa ruwa ne ke tsattsafowa a zahiri, ka ajiye maganar shafi ka nemi inda yake shigowa.

Daga nan ka ɗiga ruwa a wurare daban-daban. In ya shige cikin minti ɗaya ko biyu, ƙofofin kankaren a buɗe suke. In ya dunƙule ya tsaya, akwai maiko ko tsohon shafi. Ka kuma karci daɓen da ƙusa. Wanda ke marmashewa yana ba da gari ba zai riƙe komai ba sai an gurje shi har an kai ga mai ƙwari. Takardun kamfanoni da yawa suna neman kankaren da ƙarfin ɗaukar nauyinsa ya kai megafaskal 25 (ma'aunin matsi ke nan), kuma samansa ya jure fizgar megafaskal 1.5.

Mataki na biyu: ka dubi aikin da wurin zai yi

Rana na shiga? In tana shiga, ko da ta ƙofar gareji ce da ake bari a buɗe, saman shafin ya zama foli'asfatik. Na ga farin daɓen ifoksi da layin rawaya ya raba gida biyu, daidai inda hasken taga ke tsayawa kullum. Bai lalace ba, amma ido ba ya barin wurin.

Kwana nawa za ka iya rufe wurin? Nan foli'asfatik ya yi wa ifoksi fintinkau. Ana taka shi bayan 'yan awanni, mota ta hau bayan kamar awa 24. Ifoksi yana son awa 12 zuwa 24 kafin a taka, kwana uku zuwa bakwai kafin mota, kuma sai ya yi mako kafin ya gama nuna. Shagon da rufe shi na mako guda asara ce, saurin ya cancanci abin da za a ƙara biya. Sito kuwa wanda ba a fara zuba kaya ba, gaggawar me ake yi?

Yaya zafi da sanyin wurin? Yawancin ifoksi ba ya daskarewa da kyau ƙasa da digiri 10, kuma in sanyi ya haɗu da laima samansa kan yi wani danƙo mai dusashe sheƙi, wanda ke hana shafi na gaba kamawa. Foli'asfatik yana aiki a sanyin da ifoksi ba ya iyawa, shi ya sa ake kai shi ɗakunan sanyi. A zafi da laima kuwa labari ya juya, domin laima na ƙara masa gudu har ya kame a jikin rola.

Me zai zuba a kai? Baƙin mai da fetur da sabulu, dukansu biyu za su jure in ana gogewa. Ruwan batir da sauran asid masu ƙarfi suna son ifoksi nau'in nobolak. Masana'antar da ake kwarara tafasasshen ruwa a daɓe kuwa, duka biyun ba nasu ba ne. Siminti mai haɗin foliyuritan ake sawa a can, saboda yana jure sauyin zafi na farat ɗaya.

Daɓen da ya rarake ko ya yi tudu da kwari na ifoksi ne, domin ana iya zuba shi da kaurin milimita biyu ko uku, ko a kwaɓa shi da yashi a cike ramuka. Foli'asfatik siriri ake sa shi, duk abin da ke ƙasa zai nuna.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda mutane ba sa son amsawa da gaskiya: wa zai yi aikin? Saurin foli'asfatik alheri ne ga mai wuri, azaba ce ga mai shafi. In wannan ne karonka na farko, kuma kai kaɗai ne ko ku biyu, ifoksi zai ba ka sararin gyara kuskure.

Mataki na uku: ka karanta takardar kayan, ka yi lissafi

Kowane kayan kirki yana da takardar bayani daga kamfaninsa. Wanda ba shi da ita, bar shi. Abu biyar za ka nema: adadin haɗi, minti nawa yake yi a bokiti kafin ya kame, tazarar da aka yarda tsakanin shafi da shafi, iyakar danshi, da kuma kashi nawa ne zai zauna a daɓe bayan ruwa ko tina ta tashi.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya a murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya. Ɗauki gareji mai mita 6 sau 6, wato murabba'in mita 36, kana son kaurin milimita 0.3. Sai ka ce 36 sau 0.3, lita 10.8 ke nan, in kayan zalla ne ba sirki. Ƙara kashi goma saboda abin da rola da ƙofofin kankare za su sha, ka sayi lita 12. In kuwa rabin kayan ruwa ne ko tina, wannan lita 10.8 ɗin milimita 0.15 kawai za ta bar maka. Bokitin da ya zo da araha sau da yawa nan sirrinsa yake, kuma irin wannan siririn shafin ne taya mai zafi ta fi ɗagawa.

Mataki na huɗu: gurza

Tun ran gini ran zane. Fara cire maiko da sabulun wanke maiko kafin ka kawo inji, in ba haka ba injin zai shafe shi ko'ina. Sannan a gurje daɓen da inji mai faifan daimon, ko a yi masa ɓarin ƙananan harsasan ƙarfe. Cibiyar ICRI, ta masu harkar gyaran kankare, ta kasa kaushin kankare daga 1 zuwa 10. Shafi siriri yana son 2 zuwa 3, wato in ka shafa tafin hannu ka ji kamar samfefa mai matsakaicin kaushi. Shafi mai kauri yana son fiye da haka.

Wanke daɓe da asid, wanda ƙananan fakitoci ke cewa a yi, ban yarda da shi ba. Ba ya cire maiko ko tsohon shafi, kaushin da yake bayarwa kaɗan ne, ga shi ka mayar da ruwa cikin daɓen da kake neman ya bushe. Ga foli'asfatik ma ba a maganarsa. Ifoksi na daɗewa a jiƙe har ya tsuma cikin ƙofofin kankare. Foli'asfatik ba shi da wannan lokacin, don haka sai an buɗe masa hanya sosai.

Ƙurar kankare tana ɗauke da silika, wadda ke tabo a huhu tabon da ba ya warkewa. A haɗa injin da mazuƙin ƙura, a sa takunkumi na gaske. Ka bi gefen bango da lunguna da ƙaramin injin hannu, don nan ɓarewa ke farawa. In an gama a zuƙe ƙura sau biyu, sannan ka goga baƙin ƙyalle a ƙasa. In ya ɗauko fari, a sake.

Mataki na biyar: tsaga da ramuka

Tsagar da ta tsaya, a faɗaɗa bakinta da faifai, a zuƙe, a cike da ifoksi mai kauri ko foliyuriyar cike tsaga, in ta kame a gurje ta yi daidai da daɓe. Layin da magina suka bari da gangan don kankare ya samu wurin motsi, a bar shi a matsayinsa, a cike shi da abu mai laushi bayan an gama shafi. In ka rufe shi ruf, zai fito maka da kansa, kuma ba a miƙe ba.

Mataki na shida: haɗi da shafi

Zafin daɓen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato sanyin da laimar iska ke fara zama ɗigon ruwa, da aƙalla digiri 3, in ba haka ba wani gumi da ido ba ya gani zai shiga tsakani. Shafin farko kuma a yi shi lokacin da kankare ya fara hucewa, wato da yamma. Da hantsi yana ɗumama, iskar da ke cikin ƙofofinsa na faɗaɗa tana fitowa, sai ta huda shafin ta bar ƙananan ramuka kamar na allura.

Auna haɗin da mudubin awo ko sikeli, ban da ƙiyasin ido. Ƙara mai daskarwa ba ya sa ifoksi saurin kamewa, lalata shi yake yi. A juya da injin huda mai maburgi, a hankali, minti biyu zuwa uku, ana kankare gefe da gindin bokiti. Kada ka kife bokitin a daɓe don ya tsiyaye. Abin da ya manne a gefensa bai haɗu da kyau ba, zai bar maka tabo mai danƙo har abada.

Da zarar ka gama juyawa, zuba shi ƙasa. Wannan darasin da kaina na saye shi. Na haɗa bokiti cikakke da rana tsaka, na tsaya gyara salatif a bakin ƙofa. Da na waiwayo bokitin na tururi, robarsa ta yi laushi, maburgin ya kafe a tsakiya kamar an dasa shi. Haɗin yana haifar da zafi, zafin na ƙara masa sauri, kuma in yana tare wuri ɗaya zafin ba ya samun mafita. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacinka biyu. Minti 30 da aka rubuta a takarda a digiri ashirin da 'yan kai aka auna su; a digiri 35 ba za ka samu ko rabinsu cikakke ba.

A zuba shi layi-layi, a ja da majanyin roba mai haƙora, wani ya biyo baya da rola yana daidaitawa, sanye da takalmi mai ƙusoshi don ya taka cikin jiƙaƙƙen shafi. Ka fara daga can ciki ka ƙare a ƙofa. Da ifoksi mutum biyu sun isa gareji. Da foli'asfatik ka nemi uku ko huɗu: ɗaya na haɗi kaɗan-kaɗan, ɗaya na gefuna, sauran na ja da rola, kuma kowa ya san aikinsa kafin a buɗe gwangwani. Kada a koma da rola kan inda ya fara kamewa, sawun zai zauna.

Safar hannu ta naitiril dole ce, domin ifoksi na sa fata ta tsane shi, daga baya ko kaɗan ya taɓa ka sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Aisosayanet kuwa yana iya jawo asma. A buɗe iska, a sa takunkumi mai matatar tururin sinadari, a kashe duk wata wuta. Na feshi kam a bar wa masu kayan aikinsa.

Abin da ni zan yi a yawancin daɓe

Haɗa su nake yi. Ifoksi a ƙasa, don ya tsuma ya kama kankare ya cike kaushi. Tun yana jiƙe a watsa ɓarɓashin launi ko yashin silika, ana jefawa sama yana saukowa kamar yayyafi, har sai babu inda ke sheƙi. Washegari a kankare abin da ya miƙe tsaye, a zuƙe, a rufe da foli'asfatik garai-garai, wanda zai tari rana da karce da taya mai zafi. Kwana biyu ko uku ke nan a maimakon yini ɗaya. Ka dai tabbatar kayan biyu na kamfani ɗaya ne, ko takardarsu ta ce suna jituwa, kuma kada tazarar ta wuce wadda aka rubuta, wadda ga ifoksi kan kasance wajen awa 24. In ta wuce, sai an goge saman da samfefa ya dusashe kafin a ɗora.

Ɗakin da rana ba ta shiga, ifoksi sama da ƙasa ya wadatar. Busasshen daɓe mai ƙwari a wurin da ba za a iya rufewa ba, foli'asfatik zalla a hannun ƙwararru ba laifi.

Ko wanne ka sa, in ruwa ya zuba santsi yake yi. A shafin ƙarshe a barbaɗa garin alminiyam oksayid, musamman a bakin ƙofa da gangara.

Jira

Shafin kan bushe a hannu tun bai nuna ba, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Danna farce a wani lungu. In ya bar sawu, da saura. A sanyi ka ƙara kwanaki a kan abin da takarda ta ce. Makon farko kada a ja ƙarfe a kai, kada a wanke da ruwa mai yawa, kada a shimfiɗa tabarmar roba. Ranar da mota za ta fara shiga, ka bar ta a waje tayoyin su huce tukuna, sannan ka shimfiɗa kwali guda huɗu inda za su tsaya. Bayan nan shara da tsumma mai laushi da sabulu marar ƙarfi sun isa, sai kuma abin goge ƙafa a bakin ƙofa, domin yashin da takalmi ke shigowa da shi ne ke fara cinye sheƙin.